Ranar Da Misye Barnabé Ya Kashe Aljanu Bakwai

"Ku rubuta ku ajiye," in ji Misye Barnabé Kpadonou, yana nuna sama da cinyar kaza. "Jibi Juma'a, kafin agogo ya buga sha biyu, Maman Tossavi da kanta za ta zo tana roƙona. A kan gwiwoyinta! Ni kuwa zan ce, haba Maman, tashi, kada ki ɓata zanin nan mai tsada."

A rumfar mai sayar da amiwo, wato jan tuwon masara, da ke kallon ofishinsu a unguwar Akpakpa ake wannan zance, ranar Laraba da rana tsaka. Rufin mai cike takardun kwastan ya ci gaba da loma, ko ɗaga kai bai yi ba. Tonton Firmin, dattijon direban kamfani, ya ce, "Shef, miya na ɗiga a taye ɗinka."

"Bar ta ta ɗiga! Jibi warhaka sabon taye zan ɗaura, na darakta."

To bari in gaya maka ko wane ne Barnabé, don kada ka ji kurarin nan ka tsorata. Gajere ne, tumbinsa na riga shi shiga ɗaki, kansa kuma santsi yake yi, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Ƙanen marigayi mijin Maman Tossavi ne, mai kamfanin fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kuma wannan ita ce babbar takardar shaidarsa. Ƙaramar tana rataye a bangon ofishinsa cikin gilashi: kwas na mako uku da ya yi a Porto-Novo shekara goma sha shida da suka wuce, inda aka koya masa kunna kwamfuta da kashe ta. Kashewar ya fi riƙewa.

Shekara da shekaru shi ne sarkin wani ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda, inda manyan kwamfutoci bakwai ke jere suna gurnani kamar tsofaffi masu mura. Kowace da aikinta. Akwai ta takardun kwastan, akwai ta wasiƙu, akwai mai bin sawun manyan motoci, akwai mai riƙe sunayen abokan ciniki, da sauran 'yan uwansu. In ɗaya ta daskare, sai a kwaɗa kira, "Shef! Shef!", wato shugaba. Ya taho yana naɗe hannun riga, ya zagaya ta sau biyu yana gyaɗa kai, ya ɗaga hannu ya sharara mata mari a kunnen hagu. In ta farfaɗo, aikinsa ne. In ba ta farfaɗo ba, laifin masu wuta ne. A ɗakin nan yake sanyaya zoɓonsa, a nan yake barcin rana a kan kwali, mabuɗin kuwa yana rataye a wuyansa kamar laya.

Ana nan sai Maman ta gaji da kuɗin wuta da kuɗin gyara, ta ɗauko wata mata mai suna Sènami Adjovi. Siririya ce, shekarunta sun haura talatin, jakarta ɗaya, maganarta ba ta cika cokali ba. Ta yi wata guda tana shiga tana fita, ranar nan sai ga baƙin akwati guda ɗaya a ɗakin sanyi, tsofaffin nan bakwai kuwa an kwashe su zuwa sito. Aiki kuma na tafiya, har ya fi da gudu.

Da aka tambaye ta ina bakwai ɗin suka shiga, sai ta ce suna cikin akwatin. Ta ce a ɗauka babban gida ne aka yanka shi ɗaki-ɗaki. Kowane ɗan haya da ƙofarsa da mabuɗinsa da tukunyarsa, shi a ganinsa gidan nasa ne shi kaɗai, alhali mita ɗaya suke sha, rijiya ɗaya suke ja. In wani ya ƙona miyarsa, hayaƙin ba ya shiga ɗakin maƙwabci. In an yi sabon baƙo, ba sai an gina sabon gida ba, a yanka masa ɗaki kawai. Haka kwamfutocin nan suke, kowace na aikinta daban, amma jikin ɗaya ne.

Kowa ya gane, har mai shara. Barnabé kaɗai ya ce a'a.

"Kwamfutar da ba ta da jiki? Ina za a mare ta? Wannan ai aljanu ne! 'Yar Ouidah ce fa, garin bokaye, ku bincika asalinta."

Abin da ya fi cin ransa, akwatin nan ba ya neman sanyin da bakwai ke nema, sai aka rage esi, aka jera dilolin atamfar Maman a inda yake shimfiɗa kwalinsa. Wata huɗu ba wanda ya kwaɗa kiran "Shef!" Hannunsa na dama har ƙaiƙayi yake yi. Ana cikin haka Maman ta ce ta gaji da shugabanni biyu a sashe ɗaya. Ranar Juma'a da sha biyu za ta tara kowa ta faɗi wanda zai riƙe sashen kwamfuta, da ofis mai esi da babur ɗin kamfani. Wanda bai samu ba, in ji ta, za ta nemo masa aiki daidai da shi. Wannan "daidai da shi" ita ta hana Barnabé sakat.

Ga dabarar da ya ƙulla, kuma a ganinsa tun da aka kafa Kwatano ba a taɓa ƙulla irinta ba. Kowace Juma'a da safe Sènami na tafiya ƙaramin ofishinsu na bakin tasha. Tana fita, zai shiga da kalmar sirrinsa ya kashe aljanun nan. Aiki ya tsaya cak, ofis ya kaure da ihu, a nemi Sènami a rasa. Sai ga gwarzo ya ɓullo da tsofaffin kwamfutocinsa na ƙarfe, ya jona su, ya ceci kamfani a gaban Maman. Tun ranar Alhamis da yamma ya aro baro wurin magina, ya loda bakwai ɗin, ya ɗaure da igiyar shanya, ya ɓoye a ƙarƙashin matakala, ya rufe da tabarma.

Juma'a ta yi. Barnabé ya iso cikin kwat mai ruwan toka da matarsa, baiwar Allah, ta sha wahalar gugewa, kaifin wandon zai iya yanka doya. Turaren da ya zuba kuwa sai da ɗan zem, wato ɗan acaɓan da ya kawo shi, ya yi atishawa uku. Ƙarfe tara Sènami ta rataya jaka.

"Fofo Barnabé, babban yaya, na tafi tasha. Sai sha biyu."

"A sauka lafiya, Dada 'yar uwa. Kada ki yi sauri. Komai na hannuna."

Ta dube shi kaɗan, ta wuce.

Ya kulle ƙofar ofishinsa, ya murza yatsu, ya buɗe allo. Ga su nan bakwai a jere, kowace da ɗan koren ɗigo a gefenta. Ya ɗora linzami a kan ta takardun kwastan, wadda in ta yi tari duk kamfanin ke kama mura, ya danna gogewa. Allo ya tambaye shi ko ya tabbata.

"Na tabbata, munafuka," ya ce da ƙarfi. Ya danna. Ta ɓace.

Ya jingina da kujera, ya soke sukundireba a aljihun gaba yadda kowa zai gani, ya fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Ya kai goma, shiru. Ya kai hamsin, shiru. Ya kai ɗari da ashirin, abin da yake ji kawai firinta ce ke ta aman takarda tana waƙarta.

Ya buɗe ƙofa ya leƙa. Ya taka har teburin Rufin yana fito da baki, hannu a baya, kamar mai shan iska.

"Rufin, ɗan uwana. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Shef."

"Babu wata matsala?"

"Akwai."

Zuciyar Barnabé ta yi tsalle. "Yawwa! Faɗi, kada ka ji tsoro."

"Turarenka. Idona har ya fara ruwa."

"Ina nufin kwamfuta, sakarai!"

"Ita kam yau gudu take kamar an biyo ta. Kwantena uku na gama tun safe."

Barnabé ya koma ofis, ya goge gumi. Ya ce a ransa wataƙila aljanar nan mai taurin rai ce, sai ta ɗan yi shure-shure. Ya kama ta wasiƙu ya goge. Wannan karon bai ƙirga ba, ya miƙe kai tsaye wurin Madam Clarisse, sakatariya, wadda ko biro ya ɓace mata sai an ji ta a titi.

"Clarisse, wasiƙu na shigowa kuwa?"

"Kamar ruwan sama. Ga wata ma ta shigo yanzu."

"Ba zai yiwu ba."

"Me ya sa ba zai yiwu ba?"

"A'a, ina nufin... madalla. Madalla ƙwarai. Duba da kyau dai, ko tsohuwa ce."

"Fofo, ka karya kumallo kuwa yau?"

Ya juya da sauri har takalminsa na ƙara. Ta uku, ya goge. Ta huɗu, ya goge. Ya leƙa ta taga, ga Tonton Firmin a tsakar gida yana kallon taswirar motoci a wayarsa, yana faɗa wa wani direba a ɗaya wayar, "Ƙarya kake, ba ka kai Bohicon ba, ga ka nan a tsaye a Allada wurin mai abarba!" Wato mai bin sawun motoci, wadda ya binne minti biyu da suka wuce, tana nan tana tona asirin mutane.

Ta biyar, ta shida, ta bakwai. Ya danna, ya danna, ya danna, har yatsansa ya yi zafi. Allo ya zama fayau kamar farantin da aka lashe. Ya kasa kunne. Daga baranda sai dariyar Clarisse, da ƙarar firinta, da wani yana tambayar wa ya ɗauke masa kofi.

Nan fa tsoro ya kama Barnabé. Ya dubi allo, ya dubi ƙofa, ya yi alamar gicciye. Ashe da yake cewa aljanu, shi kansa da wasa yake faɗa. Ka yanka abu bakwai da hannunka, ka ga gawarsu, su kuma ci gaba da zuwa aiki? Ya ce lallai yarinyar nan ba ƙaramin boka ta taka ba. Ya lalubo 'yar kwalbar ruwan addu'a da ke cikin durowa, ya yayyafa wa allo, ya yayyafa wa kansa, ya kurɓi sauran.

Agogo ya ce sha ɗaya da rabi.

"To," ya ce yana huci. "In ɗakuna sun ƙi mutuwa, sai a rushe gidan."

Ya zaro mabuɗi daga wuya, ya bi bango kamar ƙadangare har ɗakin sanyi. Ga baƙin akwati a tsaye, fitilunsa na ƙyafta masa ido. Ya durƙusa, wandon guga ya ce ƙyat a baya, bai kula ba. Ya kama fulogi ya fizge. Akwati ya ci gaba da ƙyafce, wani batir a ƙasa ya fara kuka, ƙii, ƙii, ƙii, kamar ɗan tsako.

"Kai ma ɗan uwansu ne?" Ya fizge wayar batir. Ya fizge wata shuɗiyar waya da bai san aikinta ba, don dai kada ta ce an bar ta. Fitilu suka mutu.

Sai kuwa ya ji abin da kunnensa ya yi wata huɗu yana ƙishirwa. Muryar Clarisse ta tsaga baranda:

"Wayyo! Ya tsaya! Komai ya tsaya!"

Rufin ma ya ɗauka, "Kwantenar kifi ce a hannuna, jama'a! In ba ta fita yau ba, ranar Litinin sai dai mu sayar da wari!"

Wallahi da ka ga fuskar Barnabé a lokacin, sai ka ce an yi masa albishir da tagwaye. Ya fito a guje yana ihu, "Kada kowa ya motsa! Ku kwantar da hankalinku! Injiniya na nan!" Ya gangara matakala bibbiyu, ya yaye tabarma, ya kama hannun baro. Kwamfuta bakwai ta ƙarfe ba wasa ba ce. Ya tura, baro ya ƙi. Ya ja, baro ya bi ta kan ƙafarsa. Ya yi ta nishi, jijiyar wuya ta miƙe, maɓallin kwat ɗaya ya yi tsalle ya bar gari. Da ƙyar da jan gindi ya kai kayan ƙofar babban ofis, ya tsaya yana haki, ya buɗe hannuwa kamar fasto.

"Jama'a, ga ceto ya..."

"Ya dawo," in ji Rufin, ko juyowa bai yi ba.

"Me ya dawo?"

"Aiki. Ɗan ƙyaftawa ya yi, ko minti uku bai cika ba. Kifi ya wuce."

"Nawa ma ya dawo," in ji Clarisse. "Fofo, wannan tarkacen fa? Gwangwan za ka kai?"

Kafin ya sami amsa, sai ƙarar mota a bakin get. Maman Tossavi ta shigo, ɗankwalinta ya kusa taɓa saman ƙofa, awarwaro na kiɗa a hannu biyu. Matar da ta fara da tallan atamfa a kasuwar Dantokpa, ta iya duban mutum sau ɗaya ta san kuɗin takalminsa. Ta dubi baro. Ta dubi Barnabé, gumi ya jiƙa kwat har ta canja launi.

"Bana, ƙaura kake yi?" in ji ta, don haka take gajarta sunansa.

"Maman, barka da zuwa. Wani abin mamaki na shirya miki."

"Na ga alama. Kowa ya shigo ɗakin taro."

Mai hankali da nan ya tsaya ya ce shara yake yi. Amma Barnabé ya riga ya yi nisa. Ya tura baro har cikin ɗakin taro, ya kwance igiyar shanya, ya jera tsofaffinsa a kan teburi ɗaya bayan ɗaya, yana shafa su yana kiran su 'yan albarka. Ya ce kafin a yanke hukunci, yana so Maman ta ga bambancin kayan gaske da na tsibbu. Ya haɗa wayoyinsu duka bakwai a kan soket ɗaya, irin mai baki da yawa da ake sayarwa a bakin titi.

Tonton Firmin ya ja kujerarsa baya. "Shef, ni dai ina da jikoki."

"Matsoraci. Maman, kalli ikon ilimi."

Ya danna. Ta farko ta yi gurnani. Ta biyu ta yi tari, ta feso ƙura a fuskar Clarisse. Daga cikin ta uku kyankyasai suka fito a jere, manya a gaba yara a baya, kamar an tashi daga coci. Ta huɗu ta yi shiru, sai ya ɗaga hannu ya ba ta marin nan nasa na gado. Soket ya ce tau! Wuta ta yi tartsatsi, hayaƙi ya tashi mai warin ƙonannen gashi, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Clarisse na kan kujera a tsaye tana riƙe da siket, Rufin na dukan kyankyasai da fayil, Maman kuwa ko gezau, sai fifita take da ambulan, hoda na gangarowa a kumatunta.

Daidai nan Sènami ta shigo, hular kwano a hannu, da alama zem ta hau a guje.

"Maman, sannu. Wayata ce ta sanar da ni an cire wa akwatin nan wuta. Wa ya shiga ɗakin sanyi?"

Duk ido ya koma kan mabuɗin da ke lilo a wuyan Barnabé.

"An cire masa wuta?" in ji Maman. "To da me muke aiki yanzu?"

"Akwai ɗan uwansa a ofishin tasha. Duk abin da wannan ya sani, wancan ya sani. Da wannan ya faɗi, sai 'yan hayar suka kwashi kayansu suka koma can. Shi ne ɗan tsayawar da kuka gani."

Wani sabon haske ya faɗo wa Barnabé. Ya gyara abin da ya rage na kwat, ya ɗaga yatsa.

"Maman, kada ki bari ta ruɗe ki da daɗin baki! Ni na cire, kuma da dalili. Bincike nake yi! Yau da safe, da hannun nan nawa, na goge kwamfutocinta bakwai ɗaya bayan ɗaya. Ta kwastan, ta wasiƙu, duka! Wa ya ji a jikinsa? Rufin, ka ji? Clarisse, kin ji? Babu! Me wannan ke nunawa? Tun farko babu su! Zane ne kawai ta yi a allo tana karɓar albashi!"

Ya waiga yana jiran tafi. Ɗaki ya yi tsit, har ana jin tafiyar kyankyaso a kan takarda.

Maman ta daina fifita. "Maimaita mini, Bana. A hankali. Ka goge me?"

"Duka bakwai, Maman."

"Na kamfanina."

"Don... don bincike."

"Da kwantenar kifi a tasha."

Sènami ta sunkuyar da kai tana murza igiyar hular kwano, kamar ita ce mai laifin. "Maman, ki yi haƙuri, akwai abin da ban faɗa miki ba, don ban so in kunyata babba. Ba na gasken ya goge ba."

"Kamar yaya?"

"Kin tuna a watan Fabrairu sunayen abokan ciniki sun ɓace sau uku a mako ɗaya? Da na bi sawu, sai na ga daga teburin Fofo ne. Ya ce gyara yake yi. To shi ne na yanka masa nasa gidan daban a cikin akwatin, na zuba masa kwafin komai. Irin wanda muke yi in za mu gwada sabon abu, don in ya fashe kada ya taɓa na gaske. In ya shiga da kalmar sirrinsa, can yake faɗawa. Kamanninsu ɗaya, sai dai ba ya haɗe da kowa."

"Wata huɗu?" in ji Maman.

"Da mako ɗaya."

Barnabé ya zabura. "Ƙarya ne! Ni da nake tafiyar da kamfanin nan daga teburina? Sanarwa nawa na aika? Dokar hana cin ƙosai a ofis! Dokar gaishe da shugaba a tsaye! Takardar gargaɗi goma sha ɗaya na aika wa Rufin shi kaɗai!"

"Ni?" in ji Rufin. "Ko ɗaya ban gani ba."

"Shi ya sa!" Clarisse ta tafa hannu daga kan kujera. "Mu muna ta cewa Fofo ya shiryu! Har kyandir na kunna a coci don godiya!"

"To da ba ku ba ni amsa ba fa?"

"Kai da ka ji shiru, me ka zata?"

"Na zaci tsorona kuke ji," ya ce, murya ta koma ƙarama.

Tonton Firmin ya kifa kai a teburi, kafaɗunsa na rawa. Rufin ya cusa fayil a baki. Maman dai ba ta yi dariya ba tukuna, tana auna abin kamar yadi.

"To yanzu da ya goge nasa ɗin, shi ke nan ya rushe?"

"A'a, Maman. Na ɗauki hotonsa ranar da yake lafiya lau na adana. Kowace safiya yana komawa yadda yake a hoton. Ai kusan kullum sai ya lalata wani abu, gari na wayewa ya tarar da shi garau."

"Ni na zaci ni nake gyarawa," in ji Barnabé, ba wanda ya tambaye shi.

Maman ta nuna shi da ambulan. "Shi wannan fa? Ba za ki iya mayar mini da shi ranar da yake da hankali ba?"

Sènami ta ƙara sunkuyar da kai. "Maman, sai an taɓa samun ranar kafin a ɗauki hotonta."

Nan ɗaki ya fashe. Clarisse ta kusa faɗowa daga kujera, Rufin ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, Maman kanta sai da ɗankwalinta ya karkace. Barnabé ya juya zai fice da sauran mutuncinsa, sai a lokacin jama'a suka ga abin da ya ce ƙyat a ɗakin sanyi, da gajeren wando mai zanen abarba yana leƙowa. Aka sake sabon lale.

Da ƙura ta lafa, Maman ta share hawaye da bakin zani, ta miƙa hannu. Barnabé ya cire mabuɗi daga wuya, ya ɗora mata a tafi, ita kuma ta miƙa wa Sènami tare da na babur.

"Kai kuma, Bana, don darajar yayanka da ke ƙasa ba zan kore ka ba. Na ce zan nemo maka aiki daidai da kai. Daga Litinin ka koma bakin get. Mota ta zo ka buɗe, ta wuce ka rufe. Ko shi ma sai an tura ka kwas?"

"Zan iya, Maman," ya ce yana riƙe da bayan wando da hannu biyu. Har ya ɗan fara ɗago kai. "Ai harkar tsaro ma, in kin bincika, na taɓa..."

Tonton Firmin ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Maman, tambaya gare ni, tun da ni ne mai shiga da mota. Get ɗin gaske za a ba shi, ko Dada Sènami za ta yi masa kwafi?"

Maman ta gyara ɗankwalinta. Ta dubi soket da ke hayaƙi, ta dubi fankar da ta mutu, ta dubi Barnabé tun daga santsin kai har takalmi.

"Ka yi gaskiya, Firmin. Akwai tsohon get da muka cire bara, yana jingine da katanga a bayan sito. Ya fara da wannan. In ya yi wata uku bai kashe shi ba, sai mu gani."